Kafin ka kai baƙinka Lugu

Jikalle, saƙonka ya iso. Wai abokan aikinka na Yamai suna son ganin Dogon Dutsi da Lugu, kana tambaya ko akwai kuɗin shiga, kuma ko za su iya yin hoto da Sarauniya, shugabar masu addinin gargajiya ta Lugu. Na yi dariya har kakarka ta leƙo daga madafi. Kuɗin shiga! Gidan zu ka ɗauki wurin?

Dutsin Dogon Dutsi ba wuya, tun daga kan kwalta za ku hango shi tsaye bisa gari, shi ya ba garin suna. Ku hau da sanyin safiya. Lugu ce ke sa ni tunani.

Ina ɗan shekara goma sha biyu Inna, uwar babana, ta tafi da ni can daga Matankari, ita a kan jaki ni a ƙasa, da ƙullin goro a bakin zanenta. Tun ba mu kai bukkoki ba ta ce in tuɓe takalmi, ga rairayi kamar garwashi. Na ɗaga yatsa zan nuna wani dutsi in tambaye ta, sai jin mari na yi a bayan hannu, tas! Ta ce baƙo ko da ido makaho ne. Muka zauna gindin gawo tun hantsi har azahar ba wanda ya ce mana kanzil, ita ko a jikinta, tana ɓantarar goro. Da aka kira mu, durƙusawa muka yi a ƙofar bukka. Fuskar Sarauniya ban gan ta ba. Farin zane na gani cikin duhu, da mazari yana juyawa, sai murya ƙasa-ƙasa tana tambayar damina.

A hanyar komowa Inna ta ba ni labarin 1899, shekarar da rundunar Faransa ta Vule da Shanwan ta afka wa Lugu, mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da kwari da baka. Daga nan rundunar ta wuce ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu da kansu su kashe su biyun wajen Maijirgi. Ta kuma faɗa mini tarkama: gawar Sarauniya ake ɗauka, ita ke nuna magajiyarta. Na yi mafarkin wannan har sati.

Ban ce ka yi imani da dutsin Tunguma da ake kai wa ƙara ba, mu Musulmi ne, Inna ma da sallarta ta mutu. Amma ku yaran yanzu salula kuke fara miƙawa kafin sallama. Babana kan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura.

Ku sayi goro fari mai kyau, ku fara faɗuwa gaban dattawan gari, matan cikinku su yafa gyale. Batun hoton kuwa, ka biyo gida ran Juma'a bayan masallaci, ka zo da ɗaya daga cikin baƙin in gan shi tukuna.