Me ya haɗa Saitama, Goku da Gojo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin da ya haɗa jaruman anime (finafinan zane na Japan) masu ƙarfin fitar hankali. Akwai mana, duk suna ƙishirwar abokin karawa. Saitama na One Punch Man ya shekara uku yana atisaye, gudun kilomita 10 kullum, har gashinsa ya zube. Yanzu naushi ɗaya ke gama faɗa, abin ya gundure shi, rangwamen kanti ya fi damunsa. Goku na Dragon Ball kuwa neman wanda ya fi shi yake, har ya jefa wa abokin gabarsa Cell ƙwayar senzu mai dawo da ƙarfi kafin Cell ɗin ya kara da Gohan ɗan Goku, kuma ni dai ban yafe masa wannan ba. Gojo na Jujutsu Kaisen kaɗaici ya ishe shi, sai ya shiga koyarwa don ɗalibansa su kamo shi.