Likita Ya Ce Sai An Zura Wa Mama Kyamara Ta Baki, Dole Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Mamanmu ce ta kai shekara 3 tana fama da olsa, kullum sai an sayo omeprazole a kyamis, an yi mata sikanin har sau biyu aka ce ba a ga komai ba. Yanzu kuma ko tuwo ta haɗiya sai ta ji ya tsaya mata a ƙirji, ga rama. Likita ya ce sai an zura mata kyamara ta baki, ita kuma wallahi ta tsorata ta ce ba inda za ta. Dole ne?
Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya dole ne, kuma don Allah kada a ja lokaci. Tsayawar abinci a ƙirji tare da rama ba alamar da ake zama da ita a gida ba ce, haka aman jini ko bahaya baƙi kamar kwalta.

Sikanin ɗin da kuka yi hanta da matsarmama yake gani da kyau, ba ya nuna gyambon da ke jikin bangon tumbi, shi ya sa yake damuna in ji mutum ya shekara yana shan maganin olsa alhali ba wanda ya taɓa leƙa cikin. Awon kyamara, wato endoskofi, shi ne ke leƙawa. Wata siririyar roba ce mai laushi da ba ta wuce kaurin yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinta, za ta bi ta maƙoshi zuwa tumbi har farkon ƙaramin hanji likita na kallo a allo, in ya ga wurin da bai gamsu da shi ba sai ya ɗan tsinko tsoka mitsitsiya a kai lab, ba ma za ta ji tsinkowar ba. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a haɗa da allurar da ke sa gyangyaɗi. Ki faɗa wa Mama robar ba ta hanyar numfashi take bi ba, za ta yi ta numfashinta lafiya lau, kuma yawanci minti 10 zuwa 15 an gama. Abin da ake so kawai ta je da cikinta wayam, awa 6 zuwa 8 ba abinci.

Akwai kuma hoton da ake shan wani farin ruwa mai kauri, bariyom, yana nuna inda hanya ta tsuke amma ba a iya ɗaukar tsoka da shi.

Sai ƙwayar cutar H. pylori da ke haddasa yawancin olsa, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana nemanta a bahaya ko a numfashi, sai dai omeprazole na ɓoye ta, shi ya sa likita kan ce a dakata da shi sati 2 kafin awon. Na jini kuwa ba ya bambance tsohon kamu da sabo.

Ku karɓi takarda wajen likitan nata zuwa asibitin koyarwa na Shika, ku tafi da duk magungunan da take sha har da na ciwon ƙafa irin su diclofenac, don su ma suna cin tumbi. Ki raka ta da kanki saboda allurar, ba a so ta hau hanya ita kaɗai ranar.