Ina Buga Ƙwallo a Ƙaramin Rukuni, In Zauna Ko In Tafi?

TAMBAYA: Malam, shekarata 19, ɗan tsakiya ne ni a wani kulob na ƙaramin rukuni. Wannan ce kakata ta biyu, kuma kusan kowane wasa da ni ake farawa. Sai dai wata uku ke nan ba a ba mu albashi ba. Wani babban kulob ya neme ni, amma kocinsu ya gaya mini gaskiya, ya ce a benci zan fara. Ga kuma wani mutum da ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, in kawo kuɗin biza da na jirgi ya kai ni gwaji Turai. Mahaifina har ya fara maganar cin bashi. Me zan yi? — Daga wani mai karatu

AMSA: Ƙanena, bari in fara da mutumin Turai, don shi ne ya fi gaggawa. Ka ce wa Baba ya dakata, kada ya ci bashin kowa. Kulob ɗin da ke son ganin ɗan wasa da gaske shi ke aiko da takardar gayyata da sunansa a kai, kuma yawanci shi ke ɗaukar nauyin tafiya da masauki. Ka tambayi mutumin abu biyu: ina lasisinsa na FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, kuma wane kulob ne? Idan ya faɗi suna, ka rubuta wa kulob ɗin da kanka ta adireshin da ke shafinsu na intanet. In ka ga ya fara kame-kame yana cewa "ai lokaci na ƙurewa", to ka san inda aka dosa.

Batun babban kulob kuwa, na san akwai daɗi, riga mai suna da filin da ake nunawa a talabijin. Amma mai shekara 19 ba abin da ke gina shi kamar minti casa'in kowane mako. Masu farautar 'yan wasa ba benci suke zuwa kallo ba, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. N'Golo Kanté, wanda shi ma ɗan tsakiya ne, a rukuni na uku na Faransa ya buga wa Boulogne kakar 2012 zuwa 2013. Daga nan ya koma Caen, sai Leicester a 2015, kuma a 2018 ya ɗaga Kofin Duniya. Jamie Vardy ma ya fi shi jinkiri: sai da ya kai shekara 25 Leicester ta saye shi daga Fleetwood, wani kulob na ƙaramin rukuni a Ingila, a 2012 kan fam miliyan ɗaya. Ba ina cewa kai ma haka za ta kasance maka ba, yawancin waɗanda suka buga tare da su ba wanda ya san sunansu yau. Abin lura shi ne dukansu biyun a cikin fili aka gan su. Idan babban kulob ɗin da gaske yake, ka roƙa a sa hannu sannan a bar ka aro inda kake har ƙarshen kaka. Ana yin haka sosai.

Inda wasiƙarka ta fi damuna shi ne albashin nan, kuma ba ka ce mini komai kan kwantiragi ba. Kana da shi a rubuce? Kwafinsa yana hannunka, ko yana ofishin sakatare? Yara da yawa suna sa hannu a tsaye, a bakin fili, a karɓe takardar ba su karanta ko layi ɗaya ba. Gobe ka je ka nemi kwafinka, cikin ladabi amma kada ka dawo hannu rabbana. Ka duba ranar ƙarewarsa, da adadin albashi, da abin da ya ce idan ka ji rauni.

A dokar FIFA, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana iya rubuta wa kulob takardar gargaɗi ya ba su aƙalla kwana 15, in ba su biya ba ya soke kwantiragin da hujja. Rikicin cikin gida irin naka kuwa hukumar ƙwallon ƙasarku ce ke duba shi da nata tsarin, don haka ka nemi ƙungiyar 'yan wasa ko lauya kafin ka ɗauki mataki. Kada ka yi fushi ka daina zuwa atisaye, sai laifin ya dawo kanka. Ka kuma sani, idan saura wata shida ko ƙasa da haka kwantiraginka ya ƙare, kana da damar sa hannu da wani kulob na kaka mai zuwa.

Kafin nan, ka samu wanda zai riƙa ɗaukar wasanninka a bidiyo, cikakken wasa, ba guntayen da ka yi yanka kawai ba. Mai neman ɗan tsakiya yana son ganin inda kake tsayawa idan ƙwallo ba ta ƙafarka. Ka sake rubuto mini da abin da kwantiragin ya ƙunsa, sai mu duba shi tare.