Tambayi Likita: Kayan nutso suna matse ni, daga madauri ne ko daga jikina?

Wannan makon saƙonnin daga 'yan'uwanmu mazauna Masar da Jidda suka fi yawa, masu zuwa Bahar Maliya suna nutso da tukunyar iska a baya. Na tsinci huɗu.

Tambaya: Dakta barka da aiki, ni ɗalibi ne a Alƙahira, mun je Hurghada hutu na gwada nutso, amma duk sanda na ɗaga kai sai bakin tukunyar ya buge ni a ƙeya, can kuma cikin ruwa sai na ji tana zamewa ƙasa, har yau ƙeyata ciwo take.

Amsa: Ƙanena wannan ɗaurin ne bai yi ba. Tukunyar ta hau sama da yawa, a sauke ta kaɗan yadda in ka ɗaga kai ba za ka taɓa ƙarfen ba amma in ka miƙa hannu ta baya za ka iya kamo makunnar iskar. Zamewar kuma laifin madaurin ne, na nailan ne, in ya jiƙa yana saki, shi ya sa ake tsoma shi a ruwa tukuna kafin a ɗaure. In ka gama ɗaurewa kama rigar nutson, wato wadda ake ɗaura wa tukunyar kuma ake hura wa iska, ta sama ka ɗaga ka girgiza, in tukunya ta motsa to sake. Ciwon ƙeyar parasitamol ya isa, sai dai in akwai jiri ko amai, wannan a je asibiti.

Tambaya: Likita ina aiki a Jidda, kusan duk Juma'a muna fita nutso da abokai, amma in na dawo ƙuguna da kafaɗuna kamar wanda ya yi dako a kasuwa, wani lokacin har da ciwon kai. Shekarata 41.

Amsa: To ai dakon ka yi malam. Tukunyar alminiyon mai lita 11 da aka fi bayarwa haya, in an cika ta tana kai kilo 16 ko sama, ga dalma da ka rataya don ta taimaka maka nutsewa, ga sauran tarkace. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su fara jan madaurin kafaɗa har ƙarshe, nauyin duk ya tafi wuya da kafaɗa. Fara da na ciki, ka ɗaure shi ya zauna bisa ƙugu, sannan ka ja na kafaɗa daidai yadda kayan ba za su yi lilo ba, na ƙirji kuma a ƙarshe, sako-sako. Dalmar kar ka tara ta a tsakiyar baya kan ƙashin gadon baya, raba ta hagu da dama, kuma da yawanku kuna ɗaukar fiye da buƙata, sai bayan mutum ya lanƙwashe yana fama a ruwa. Sannan don Allah a daina jarumtar sungumar kaya a cilla a baya, abokinka ya riƙe maka ko ka zauna a benci ka saka.

Ciwon kan nan kuwa ina zargin matsi. Rigar in ka hura mata iska tana kumbura ta danne haƙarƙari, in dama ka ɗaure tamau numfashi ba ya sauka ƙasa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ka fitar sai ta taru a jini, ka fito kai na sarawa. Masu riƙe numfashi don wai iskar tukunya ta daɗe su ma haka suke fama. Ka hura rigar ta cika tun kana waje ka ja dogon numfashi, in ya gagara sassauta ko ka karɓi babbar riga, ba abin kunya ba ne. Ka kuma auna hawan jini.

Tambaya: Dakta bayan nutso biyu a Dahab ta Masar yatsuna uku na hannun hagu suka sage kamar kiyashi na bi, abokina ya ce madaurin kafaɗa ne ya danne jijiya in share kawai, da gaske ne?

Amsa: Nan zan ɗan daɗe, don wannan shawarar abokin naka ita ce irin wadda ke nakasa mutum. Eh, madauri yana iya danne jijiyoyin da ke bi ta ƙasan ƙashin wuya zuwa hannu, kamar mai goya jaka mai nauyi, amma wannan sagewar tun kana sanye da kayan take farawa kuma in ka cire sai ta washe cikin 'yan mintuna. Wadda ta zo bayan ka fito, ko ta ƙi tafiya, ko ta haɗu da ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa, kasala mai yawa, jiri, rauni a ƙafa, wannan mu likitoci ciwon kumfar iska muke ɗaukarta har sai an tabbatar ba shi ba ne. Duk mita 10 da ka nutsa matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, naitirojin ɗin da ke cikin iskar da kake shaƙa yana narkewa cikin jiki, in ka taso da sauri sai ya yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, kumfar ta toshe jijiya ko laka. Abin yi shi ne a sa maka oksijin zalla nan take, ka sha ruwa, kar ka koma ruwa, a kai ka inda ke da ɗakin matsin iska da ake maganin wannan ciwon a ciki, akwai a Sharm el-Sheikh. Kuma kar ka hau jirgin sama. Ko lafiyarka ƙalau ƙa'ida awa 12 ce bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, balle mai alama a jiki. In har yanzu yatsun ba su dawo ba, yau ɗin nan ka je.

Tambaya: Likita ni SS ce amma na daɗe ban kwanta ba, in na samu kaya marasa nauyi daidai jikina zan iya?

Amsa: A'a ƙanwata, ba zan sa miki hannu a takarda ba ko da kayan telanki ne ya ɗinka. Sanyin ruwa, bushewar jiki da wahalar iyo duk suna tayar da ciwon sikila, kuma in ya tashi kina mita 15 a ƙasa babu mai iya yi miki komai. Akwai kwale-kwale mai gilashi a ƙasa a Hurghada da Sharm, kifayen nan da murjani duk za ki gan su kina zaune a inuwa da gorar ruwanki.