Ta wace ƙofa gdb yake shiga?

Habu, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin shago, shi ya sa na ce ka bari in rubuta maka. Ga abin da ka kawo: ka rubuta ɗan shiri da C yana ƙidaya, ya buga maka adireshin da lambar take zaune, ka kwashi adireshin ka ba shiri na biyu don ya leƙa, sai na biyun ya faɗi nan take. Ka ce bari ka bi ta sama, ka rubuta ɗan ƙari a cikin kanel, wato zuciyar Linux mai kula da memori da shirye-shirye, ka miƙa wa copy_from_user wannan adireshin, ita ma ta ƙi. Amma gdb, manhajar binciken kurakuran shiri, ya kama shirin, ya karanto lambar, har ya sauya ta kana kallo. Sai ka ce, "Oga, ta wace ƙofa yake shiga?"

Adireshin da ka kwasa ba wuri ba ne a cikin RAM. In aka ce maka "layi na uku, gida na biyar", ai akwai shi a Unguwar Rogo, akwai a Gangare, akwai a Rikkos, kuma in ba a faɗi unguwa ba, ba a faɗa maka komai ba. Kowane shiri da ke gudana yana da tasa unguwar adireshin. Kanel ya yanka memori shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096 a irin na'urorin Intel da AMD da muke aiki da su, ya kuma buɗe wa kowane shiri kundi da ke cewa shafi kaza na wannan shirin yana wuri kaza a RAM. Furosesa tana da wani gurbi, CR3, inda ake ajiye farkon kundin shirin da ke kan aiki a yanzu. Duk adireshin da shiri ya ambata, sai an bi da shi ta cikin kundin nan, hawa huɗu a mafi yawan na'urorin bit 64, kafin a isa ga ainihin wurin. Da an sauya shiri, an sauya CR3. Shirinka na biyu ya tambayi nasa kundin, aka duba ba komai a wannan lambar, kanel ya kashe shi. Kuma gara da ya faɗi. Da ya yi dace akwai wani abu a wurin, da ya karanto maka kayan kansa, kai kuma ka yi ta murna kana zaton na makwabci ne.

Abin da ya ci ka a copy_from_user ke nan. Ana zaton da zarar an shiga kanel komai a buɗe yake da kowane adireshi. A'a. Lokacin da lambarka ke gudana a kanel, kundin da ake duba adireshin masu amfani da shi na shirin da ya yi kiran ne. In da insmod, umarnin loda ƙari a kanel, ka loda ƙarin, to a memorin insmod kake lalube. Aikin copy_from_user da copy_to_user shi ne musayar kaya tsakanin kanel da wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yanzun nan, iyakarsu ke nan.

To ga yadda Linux ke yi in ana son na wani. Kowane shiri yana da task_struct, a cikinsa akwai mm_struct, ita ce ke riƙe da jerin yankunan memorinsa da kuma kan kundin shafukansa. Kanel ba ya taɓa CR3. Yana ɗaukar mm_struct ta wancan shirin, ya riƙe makullinta don kada a rushe yanki yana tsaka da aiki, sannan ya taka kundin da ƙafarsa, hawa bayan hawa, aikin da furosesa ta saba yi da kanta. Dangin get_user_pages ne ke wannan. In ya tarar shafin ba ya RAM, ko an kwashe shi zuwa faifai ko ba a taɓa ɗauko shi ba, sai ya ɗauko shi a madadin mai shi, kamar dai shi ne ya nema. Daga nan ya ƙara ɗaya a ƙidayar masu riƙe da shafin, don kada a 'yanta shi a ba wani yana cikin kwafa.

Yanzu ya san ainihin wurin a RAM, saura ya kai hannu. A na'urar bit 64 wannan ba wuya, domin kanel ya riga ya shimfiɗa RAM ɗin gaba ɗaya a nasa ɓangaren adireshin. Kowane shafi yana da adireshi na biyu wanda kanel kaɗai ke gani. Ta nan yake kwafa. A zamanin bit 32 kuwa, da gigabayit 1 kacal aka ware wa kanel cikin 4, abin da ya haura kusan megabayit 896 sai an buɗe masa taga ta ɗan lokaci da kmap, a kwafa, a rufe. In rubutu aka yi, sai a yi wa shafin alamar an taɓa shi, a sake shi, a wuce na gaba. Shafi ɗaya-ɗaya ake bi. Buɗe mm/memory.c ka nemi access_remote_vm; gajera ce ƙwarai in ka kwatanta da girman abin da take yi.

Daga waje, ƙofofi uku ne ke kai ka can. Tsohuwar ita ce ptrace, wadda aka gada daga Unix. Sai ka kama shirin, ya tsaya cik, sannan ka roƙi PTRACE_PEEKDATA ta ba ka bayit 8 a kowane kira. Yi lissafi: megabayit ɗaya kira 131,072 ke nan. Shi ya sa ko gdb, in ya samu dama, ta /proc/lambar-shirin/mem yake bi, inda za ka buɗe memorin kamar fayil, ka nufi adireshin, ka ɗebi yadda kake so a kira ɗaya. Ta uku, process_vm_readv da process_vm_writev, ta shigo a Linux 3.2 a farkon 2012, saboda masu manyan lissafi da MPI, tsarin aika saƙo tsakanin shirye-shirye, da suka gaji da kwafa kaya sau biyu tsakanin shirye-shirye. Ita ce na fi so ga aiki irin naka, amma da sharaɗi: ba ta tsayar da mai memorin. Kana karanta farkon bayani yana sauya ƙarshensa, sai ka tashi da rabi tsoho rabi sabo. Kuma tana iya kawo ƙasa da abin da ka nema in ta ci karo da yankin da ba ya nan, don haka duba lambar da ta dawo da ita kullum.

Rubutu shi ne inda abin ya fi daɗi, kuma nan ne haɗarin yake. Ka taɓa tambayar kanka yadda gdb ke dasa wurin tsayawa, wato inda shiri zai dakata a duba shi? Yana cire bayit na farko na umarnin ya ajiye, ya saka 0xCC a gurbinsa, wato int3. Furosesa na isowa nan sai ta miƙa wa kanel, kanel ya tashi gdb. Amma shafin umarni na karatu ne kawai, shi kansa mai shirin ba zai iya rubutu a kai ba. Ƙari ga haka, in a cikin libc ne, wato ɗakin karatun C, shafin nan guda ɗaya ne a RAM kuma kusan duk shirye-shiryen na'urar suna amfani da shi. Da za a rubuta 0xCC kai tsaye, da kowa ya yi tuntuɓe a wurin. Abin da ake yi, ptrace da /proc suna zuwa da wata tuta, FOLL_FORCE, mai cewa a wuce duk da hanin. Kanel sai ya yi wa shafin kwafi na musamman, ya gyara kundin wancan shirin kaɗai ya nuna kwafin, a kan kwafin ake rubutun. Fayil ɗin da ke faifai bai san an yi ba. process_vm_writev ba ta da wannan tutar, saboda haka in ka ce da ita za ka dasa wurin tsayawa, za ta ƙi, kuma daidai ta yi.

A wannan lungun kuskuren tsaron da ake kira Dirty COW ya ɓuya, CVE-2016-5195. Mai kai hari yana sa zare ɗaya, wato layin aiki guda a cikin shirinsa, ya yi ta rubutu ta /proc/self/mem, ɗaya kuma ya yi ta kiran madvise yana cewa a jefar da kwafin. In aka yi sa'ar lokaci, kwafin ya ɓace tsakanin dubawa da rubutawa, rubutun ya sauka a kan shafin asali na fayil ɗin da ba ka da ikon taɓawa. Mutum ba kowan kowa ba sai ya zama root, mai cikakken iko a na'urar. Kusan shekara tara yana nan kafin a toshe shi a Oktoban 2016, kuma wayoyin Android da yawa sun daɗe da shi bayan haka, don ba a aiko musu gyara ba. Wasu masu gyaran waya ma da shi suka riƙa buɗe root.

Kafin duk wannan akwai mai gadi. Kanel na duba ko ku biyun na mai amfani ɗaya ne, ko shirin ya yarda a leƙa shi, ko kana da CAP_SYS_PTRACE. Sannan Yama, wani ƙarin tsaro na kanel, ta ɗora nata: duba /proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope. A Ubuntu 1 za ka gani, ma'ana sai shirin da kai ka haifa, shi ya sa ka buƙaci sudo kafin gdb ya kama mai ƙidayarka. Za ka ga ana ba da shawara a mayar da shi 0. A kwamfutarka ta gwaji, ruwanka. A sabar mai ba mu aiki kuwa, kada in ji kada in gani, domin da 0 duk wani shiri da ya kutso da sunan mai amfani zai iya kwashe kalmomin sirri daga memorin sauran shirye-shiryensa, kamar burauza.

Windows ta wata hanya take bi. Ka nemi izini da OpenProcess, ka kira ReadProcessMemory ko WriteProcessMemory, kanel ɗinta kuma yakan ɗaura zaren a kan kundin wancan shirin na ɗan lokaci da KeStackAttachProcess, ya kwafa, ya dawo. Can ana shiga unguwar ne, nan ana karanta kundinta daga waje.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka taɓa kanel kuma, yi waɗannan a na'urar kwaikwayo, ba a kwamfutar shago ba. Rubuta shiri ya yi fork, wato ya haifi kwafin kansa, ɗan ya sauya wata lamba, uba da ɗa su buga adireshinta da abin da ke ciki. Adireshi ɗaya za ka gani, lamba biyu. Sai ka koma ga mai ƙidayarka da process_vm_readv, kana ɗauko adireshin sabo a kowane tashi, don ASLR, tsaron da ke hautsina adireshi, na sauya shi. Fayil ɗin /proc/lambar-shirin/maps zai nuna maka yankunan. In wannan ya yi, ɗora strace, mai nuna kiran da shiri ke yi wa kanel, a kan gdb, ka dasa wurin tsayawa guda, ka nemo min kiran da ya rubuta 0xCC da adireshin da ya sauka.