Zaɓi muke yi ko ja ake yi da mu?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tunda komai a rubuce yake, kuma ka ji wai masana sun gano ƙwaƙwalwa tana yanke hukunci tun kafin mutum ya san ya yanke, to ina zaɓin, kuma don me za a kama mu da laifi? Ni ba malami ba ne, amma na daɗe ina aiki da masu ƙoƙarin barin shaye-shaye, inda kusan kullum sai wani ya jefo mini wannan tambaya.

Binciken da ka ji na Benjamin Libet ne, a Amurka, a 1983. Ya sa mutane su motsa hannu duk sa'ad da suka ga dama, suna kallon agogo don su faɗi lokacin da niyyar ta zo musu. Na'ura ta nuna ƙwaƙwalwa ta fara shiri kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, mutum kuwa bai ji niyya ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. To amma dubi abin da aka auna: motsa hannu ba gaira ba dalili. Ba shawarar aure ba ce, ba ta barin aiki ba. Shi kansa Libet cewa ya yi a ɗan tsakanin nan mutum yana iya fasawa. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna wannan shirin yana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa ta saba yi ne kawai, ba hukunci ba.

Muhawarar ma tsohuwa ce. Jahmu ɗan Safwan da Jabariyya suka ce bawa tilasta shi ake yi, Mu'utazilawa suka ce shi ke halittar aikinsa, Imam Ash'ari ya ce Allah ke halittar aiki, bawa kuma shi ke aikata shi da nufinsa. Hujjar malamai da ta fi zauna mini ita ce ta hannu: kowa ya san bambancin hannun da ke karkarwa don ciwo da wanda mai shi ya ɗaga.

Abin da na gani da idona shi ne zaɓi yana faɗaɗa yana ƙuntata. Idan sha'awar ƙwaya ta taso wa mutum, gumi na karyo masa, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, ga ƙwayar a tafin hannu, zaɓin da ya rage masa bai fi kafar allura ba. Wanda ya ce a lokacin zai yi yaƙin, galibi ƙasa yake sha. Waɗanda suka kuɓuta tun da safe suka yi zaɓinsu, hankali a kwance. Wani saurayi a gabana ya goge lambar mai sayar masa, yatsansa na rawa, ya miƙa wa yayansa katin bankinsa, ya sauya hanyar komawa gida. Da dare ya yi sha'awar ta zo yadda ta saba, sai ta tarar ba kuɗi ba lamba.

Masu ce mini “ƙaddarata ce” kuwa, ban taɓa jin an sace wa ɗayansu waya ya ce a ƙyale ɓarawon, tilasta shi aka yi ba. A kan laifin kanmu kaɗai muke zama Jabariyya. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ne? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Batun kamu da laifi kuma, shari'a ta ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe, wato hisabi yana bin gwargwadon zaɓi ne. Kuma ba daidai aka raba wa kowa ba. Akwai wanda ya tashi a gidan da uba ke sha, akwai wanda jikinsa ke kamuwa da wuri fiye da na abokinsa alhali tare suka fara. Irin waɗannan sukan yi duk abin da saurayin nan ya yi, su sake zamewa, su dawo. Ba na yi musu faɗa yadda zan yi wa wanda ko lambar ya ƙi gogewa.