Tiyon da kake cewa lafiyarsa ƙalau

Ka tambaye ni me ya sa na ce ka cire tiyon ƙasa na lagireto, alhali famfon ruwa ne ke yoyo, shi kuwa tiyon a ido babu abin da ya same shi. To ɗauko shi, yarona, ka matsa shi da yatsu biyu, ba a tsakiya ba, can kusa da inda kilip yake kamawa. Ka ji yadda ya yi laushi? Haska cikinsa da tocila ka ga tsage-tsagen. Tiyo daga ciki yake fara lalacewa, bayansa kuwa sai ya yi ta yaudarar mai kallo.

Ruwan injin a matse yake zagayawa. Murfin lagireto yana riƙe matsi kusan bar 1, shi ya sa ruwan ke haura digiri 100 bai tafasa ba. Duk lokacin da tsohon famfo yake yoyo, matsin yana da mafita. Da ka ɗaura sabo ka toshe wannan ƙofa, sai ya nemi wuri mafi rauni, wato tsohon tiyon nan. Zai fashe ana cikin tafiya, direba bai kula da allurar zafi ba, gasket ɗin kan silinda ya ƙone, aikin yini ɗaya ya koma sauke kan injin. Ga shi kuma ta tiyon ƙasa famfo ke zuƙo ruwa. In ya yi laushi, ana taka mota sai ya motse ya shaƙe hanyar.

Shi kansa famfon, kada ka kwance shi a kan zato. Akwai ɗan rami a ƙasansa. In ka ga ɗigo ko busasshen sawun ruwa a bakinsa, sil ɗin ciki, wato abin da ke hana ruwa fita, ya tafi. Sassauta bel ka girgiza fuli, in yana wasa ko yana gurnani, boris ne, wato abin da sandar famfon ke juyawa a kansa. In kuma taimin bel ne ke juya famfon, a canza su tare, tunda buɗewa ɗaya ce.

Wajen ɗaurawa ne nake so ka natsu. Kankare tsohon gasket tas, amma a hankali, don alminiyam ba ya jure ƙarfe mai kaifi, karce ɗaya ya isa ruwa ya bi. Kada ka lafta gam. Wanda ya tsattsafo ta ciki yakan ɓalle ya je ya toshe lagireto. Kusoshin ba lallai tsawonsu ya zama ɗaya ba, don haka jera su yadda ka ciro su. Ka ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Ƙananan nan masu kan lamba 10, ƙarfin wuyan hannu ya ishe su.

Ruwa zalla kuma ba na son ganinsa a injin. Shi ke cinye fukafukan famfo da tsatsa. A haɗa shi da kulan, wato sinadarin da ake zuba wa lagireto, rabi da rabi, in ba haɗaɗɗe aka sayo ba, kuma irin wanda kamfanin motar ya ce. Tsohon da ka tara a kwano ka kawar da shi, guba ne, zaƙinsa kuma na jan yara da dabbobi.

Saura iska. Cika a hankali, buɗe nonon fitar da iska in motar na da shi, ka kai hita ƙarshen zafi, ka tayar da injin murfi a buɗe. Ka jira tamostat, bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto, ya buɗe, wajen digiri 80 zuwa 90. Za ka gane da tiyon sama ya ɗau zafi, ruwa ya sauka, kumfa ta fito. Ƙara, rufe, ka jira fanka ta kama ta saki. Daga nan hannunka kada ya kusanci murfin sai injin ya huce sarai, sannan ka sake duba ruwan, ka bi kowane kilip da busasshen tsumma kafin mai mota ya karɓi makulli.